Filin Tambaya da Amsa: Abin da Ke Cinye Ƙolin Fikafikan Injin Tabain

A wannan fitowar mun haɗa wasiƙu huɗu wuri guda, domin dukkansu sun faɗa ne a kan gurbi ɗaya, ƙolin fikafikai, a cikin injin tabain mai aiki da gas, wato injin da ke tafiyar da jiragen sama na zamani, yake kuma juya janaretoci a tashoshin lantarki irin su Geregu a jihar Kogi, da Afam a jihar Ribas, da Azura a jihar Edo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni bakanike ne, na fi shekara ashirin ina kwance injin mota ina ɗaurawa. Ƙanena yana aiki a wata tashar lantarki, ya nuna mini hoton wani fiffike da aka ciro daga cikin injinsu. Jikinsa lafiya lau, amma can samansa ya cinye kamar ɓera ya gaigaye shi. Ya ce wai akwai rata tsakanin fiffiken da bangon injin, iska mai zafi tana bi ta nan. To me ya hana a sa masa ringi irin na fistan a toshe ratar kowa ya huta? Daga wani bakanike a Ƙofar Ruwa, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙaninka ya gaya maka gaskiya, kuma hoton da ka gani shi ne abin da masu gyaran waɗannan injuna suka fi yawan tararwa idan suka buɗe su.

Injin tabain kashi uku ne a jere a kan sanda. Kwamfuresa tana zuƙo iska ta matse ta, ɗakin ƙonewa yana zuba mata gas ko man jirgi ya kunna, sannan iskar da ta ɗau zafi ta kumbura ta ratsa ta tsakanin fikafikan da aka dasa a gefen wani faifai, ta tura su, faifan ya juya sandar. Kowane fiffike a lanƙwashe yake kamar cokali, yana da ciki yana da baya. Iska tana danna cikin da ƙarfi, a bayan kuwa matsin ya ragu, kuma wannan bambancin matsi shi ne abin da ke juya injin gaba ɗaya. Amma iska, kamar ruwa, hanya mafi sauƙi take nema. Da zarar ta sami rata a ƙolin fiffiken, sai wani kaso nata ya tsallake daga ciki zuwa baya bai tura komai ba, kamar yadda ruwan noman rani kan ɓalle ta inda kunya ta yi rauni ya bar fangali a bushe.

Ringi yana yiwuwa a mota ne saboda fistan ba ya wuce gudun mita 20 ko makamancin haka a daƙiƙa ɗaya, ga kuma baƙin mai yana shafe bangon silinda kullum. Babban injin lantarki a Najeriya ko Nijar yana juyi 3,000 a minti ɗaya domin ya dace da wutar da muke amfani da ita, kuma ƙolin fiffikensa yana gudun mita 400 ko fiye a daƙiƙa, wato ya zarce gudun sauti a cikin iskar da muke shaƙa. Zafin wurin ya haura digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas, inda babu man da zai rayu. Duk abin da ya jingina da bango a wannan gudun zai cinye kansa cikin ɗan lokaci.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan wuyar sha'ani, kuma kai da ka saba ɗumama ƙarfe kafin ka zura shi a mazauninsa za ka gane shi nan da nan. Ƙarfe mai tsawon mita 1, idan aka ƙara masa zafin digiri 500, yakan ƙaru da kusan milimita 7. Ratar da ake magana a kai kuwa ba ta wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na tsayin fiffiken ba, a injin jirgin sama ma ba ta kai milimita 1 ba, kusan kaurin farce ke nan. Ga shi kuma sassan ba sa kumbura tare. Idan aka tayar da injin, juyi yana miƙar da faifai da fikafikai nan take, fikafikan da ba su da kauri suna ɗaukar zafi cikin daƙiƙoƙi, sai ratar ta tsuke. Daga nan bango ya ɗau zafi ya buɗe, ratar ta yi faɗi. Faifan kuwa, da yake ƙaton curin ƙarfe ne, sai a hankali yake ɗumama, can daga baya ya sake tsuke ratar. Dole mai ƙera injin ya bar sararin da zai ishi lokacin da ratar ta fi tsukewa, ya kuma haƙura da asarar da wannan sararin zai jawo a sauran lokutan.

Abin da ya gaigaye fiffiken da ka gani kuwa shi ne yadda iskar take bi ta cikin ratar. Ka san idan kana son kunu ya huce da wuri fifita shi kake yi, domin iska mai gudu tana kwashe siririn rufin iskar da ke kwance a kansa. Haka abin yake idan aka juya shi: iska mai zafi da ke gudu tana zuba zafinta a jikin ƙarfe fiye da wadda ke tafiya a hankali, kuma babu inda take gudu kamar a cikin wannan matsatsin. Idan ta zo shiga, ba ta iya karya kwana a kan kusurwar fiffiken, sai ta ɗaga daga jikin ƙarfen ta bar ɗan aljihu, sannan ta sake faɗowa a kansa da ƙarfi a ɗan gaba. Inda take faɗowar nan yana daga cikin wuraren da suka fi shan zafi a duk jikin fiffiken. Bugu da ƙari, iskar da ta tsallake ba ta yi aiki ba, saboda haka ba ta huce ba kamar 'yar'uwarta da ta bi hanya ta tura fiffike. Idan ta fito ta baya sai ta yi karo da babbar iskar da ke wucewa, ta nannaɗe ta zama 'yar guguwa mai bin bayan fiffiken tana gogar gefensa na sama. Ƙolin yana shan wuta ta sama, da ta ciki, da ta baya, alhali shi ne wuri mafi nisa daga gindin fiffiken, inda iskar da ake turawa cikinsa domin sanyaya shi take shigowa. Iskar oksijin tana cin ƙarfen da ya yi zafi haka, gefen ya zaizaye, ratar ta ƙara faɗi, iskar da ke tsallakewa ta ƙaru, zafin ma ya ƙaru. Ciwo ne mai ciyar da kansa, shi ya sa ba a barinsa ya yi nisa.

TAMBAYA: Malam Injiniya, ina karatun injiniyan kanikanci, kuma a aji an ce mana asarar ƙolin fiffike babba ce. Nawa ce a lissafi, kuma wace dabara aka samo ta rage ta tunda ba a iya toshe ratar? Daga wata ɗaliba a Samaru, Zariya.

AMSA: Malama, Farfesa John Denton na Jami'ar Kambirij ta Ingila, a nazarin da ya wallafa a 1993 kan hanyoyin da irin waɗannan injuna ke asarar ƙarfi, ya nuna cewa yoyon ƙoli yakan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan asarar da jerin fikafikai ke yi. Wani rahoton hukumar NASA ta Amurka na 2002 ya kawo ƙiyasin da masu injin jirgi ke aiki da shi: idan aka rage ratar fikafikan jeri na farko, masu fara karɓar wutar, da rubu'in milimita, shan mai yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100, zafin hayaƙin da ke fita kuma yana sauka da kusan digiri 10. Ki auna kashi 1 cikin 100 na man da jirgin da ke jigila tsakanin Kano da Jidda yake sha a shekara, za ki ga dalilin da ya sa ake kashe maƙudan kuɗi a kan abin da ido da ƙyar yake gani.

Dabarar da ta fi yaɗuwa ita ce a ƙwaƙule saman fiffiken ya zama kwarmi, a bar siririyar katanga kewaye da shi kamar bakin akushi. Iskar da ke son tsallakewa sai ta matsu a kan katangar farko, ta faɗa cikin kwarmin ta yi ta juyi tana ɓata ƙarfinta, sannan ta sake matsuwa a katanga ta biyu. Wannan yana rage yawan abin da ke wucewa, kuma idan fiffiken ya gogi bango, siririyar katangar ce za ta ci, ba jikin fiffiken da ke ɗauke da hanyoyin sanyaya ba, ana kuma iya sake gina ta da walda a wurin gyara. Aibinta shi ne ita kanta katangar tana da wuyar sanyayawa, kuma ita ce ke fara ƙonewa. Ina kyautata zaton irinta ce mai tambaya na farko ya gani a hoto.

Wasu kuma sukan ɗora wa kowane fiffike 'yar hula a ƙoli, hulunan su haɗu su zama zobe mai haƙora a sama. Kamfanin Rolls-Royce ya daɗe yana bin wannan hanya har a fikafikan farko na manyan injunansa, alhali General Electric da Pratt & Whitney sun fi barin nasu babu hula. Hular tana rage yoyo sosai, sai dai nauyi ce da aka rataya a wurin da juyi ya fi fizga, fiffiken da bai cika tafin hannu ba ma yana jan gindinsa da ƙarfin da ya haura tan 10, kuma ita ma hular tana buƙatar tata iskar sanyaya. Kasancewar manyan kamfanoni sun shekara da shekaru kowa yana kan ra'ayinsa ya isa ya nuna miki cewa ciniki ne, a ba da wani abu a karɓi wani.

Hanya ta uku ita ce a sarrafa bangon kansa. A jiragen sama, idan jirgi ya gama hawa ya daidaita, kwamfutar injin takan buɗe wani bawul ta feso iska mai sanyi a bayan bangon domin ya tsuke ya matso kusa da fikafikai. A wasu manyan injunan lantarki na Siemens, da yake bangon a karkace yake kamar mazurari, ana tura sandar injin gaba ɗaya da matsin man haidirolik, a kai ta ɓangaren kwamfuresa da 'yan milimitoci bayan komai ya gama ɗumama, ratar ta ragu. Ana kuma shafe bangon da wani abu mai saurin zaizayewa, wani lokaci a dasa ƙwayoyi masu tauri a ƙolin fiffiken, domin idan an yi gogayya fiffiken ya sassaƙa wa kansa hanya.

Tunda ɗaliba ce ke, ga wani abin lura. A shekarar 2000, Ronald Bunker da abokan aikinsa a General Electric sun auna yadda zafi ke shiga ƙolin fiffike mai shafaffen sama, suka tarar ba bai ɗaya yake ba, akwai ma wani yanki a tsakiyar wuri mai kauri inda shigar zafin ta yi ƙasa ƙwarai. Daga baya masu bincike a Jami'ar Okusfod suka nuna cewa a ainihin gudun injin, iskar cikin ratar tana zarce gudun sauti a wani sashe, tana haifar da igiyoyin girgiza da ke kai-komo tsakanin ƙoli da bango, kuma taswirar zafin tana sauyawa. Saboda haka idan kika ga sakamakon gwajin da aka yi da iska mai tafiya a hankali, ko hoton kwamfuta mai launuka masu kyau, ki fara tambayar gudun da aka yi amfani da shi da kuma ko an gwada lissafin da awo na zahiri.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare. Na karanta cewa iskar cikin injin ta fi zafin da ke narkar da ƙarfen fiffiken. Yaya hakan zai yiwu? Kuma ƙurar hunturu da ke rufe mu duk shekara tana da tasiri a kansa? Daga wani malami a Damagaram.

AMSA: Abin da ka karanta daidai ne, Malam. Injin tabain na farko da ya ba jama'a lantarki, wanda aka kafa a Neuchâtel ta ƙasar Suwizalan a 1939, iskarsa ba ta wuce kimanin digiri 550 ba. Manyan injunan yau suna kaiwa 1,500 zuwa 1,600, alhali gaurayen ƙarfen nikel da ake yin fikafikan da shi yana fara narkewa a wajen 1,300. An bi wannan hanya mai haɗari ne domin iya zafin iskar iya ƙarfin da ake samu daga kowace ƙwayar mai.

Fiffiken ba curi ba ne, cikinsa hanyoyi ne masu lanƙwasa. Ana ɗebo iska daga kwamfuresa, wadda ita ma zafinta yakan kai digiri 400 zuwa 650 gwargwadon injin, a tura ta ta gindin fiffiken ta zagaya cikinsa, sannan ta fito ta ɗaruruwan ƙananan kafofi ta kwanta a jikinsa kamar mayafi tsakaninsa da wutar. A bisa ƙarfen kuma akwai shafen tangaran na zarkoniya wanda bai kai kaurin rabin milimita ba, amma yana rage zafin da ke isa ga ƙarfen da digiri 100 ko fiye. Abin da zai ba ɗalibanka sha'awa shi ne yadda ake zuba fiffiken: ana fara siffanta shi da kaki, a lulluɓe da yumɓu, a narkar da kakin ya fita, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa, wato dabarar da maƙeran azurfa na Agadas suke zuba sanannen gicciyensu da ita. Bambancin shi ne a nan ana sanyaya ƙarfen a hankali daga ƙasa zuwa sama har fiffiken ya fito ƙwayar ƙarfe guda ɗaya tak, babu gaɓar da tsagewa za ta bi.

A ƙoli ne wannan tsari ya fi rauni. Iskar sanyaya tana isa can bayan ta riga ta kwashi zafi a hanya, mayafin da take shimfiɗawa kuma iskar ratar tana yaye shi da sauri, shafen tangaran ɗin ma gogayya tana kankare shi. Shi ya sa ake huda kafofi a ƙasan katangar ta ɓangaren cikin fiffike, domin iskar da ke shirin tsallakewa ta ɗauki mai sanyin ta haye da ita. Ba a kuma iya ƙara iskar yadda aka ga dama, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da kwamfuresa ta sha wahalar matsewa yana tafiya ne a sanyaya, kuma duk abin da aka ɗiba an rage wa aikin injin.

Batun ƙura kuwa ya shafe mu kai tsaye. Yawancin hazon hunturu yana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, kuma ƙurarsa mai laushi ce ƙwarai, tana da yawan sinadarin yashi. Wadda ta bi ta ɗakin ƙonewa tana narkewa a wajen digiri 1,200, ta manne a jikin fiffike kamar gilashi, ta tsotsu cikin shafen tangaran, idan injin ya huce ta daskare ta ɓamɓare shi. Wadda ta bi ta hanyar iskar sanyaya kuma juyi yana wurga ta can ƙarshen hanyoyin cikin fiffike, wato ƙoli, ta taru ta toshe su. Saboda haka ne masu ƙira ke barin wata kafa mai ɗan faɗi a saman fiffiken musamman domin ƙura ta fice. Duniya ta ga iyakar wannan haɗari a ranar 24 ga Yuni 1982, lokacin da wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya shiga tokar dutsen Galunggung mai aman wuta a Indunusiya, injunansa huɗu suka mutu, sai da ya yi ƙasa sosai suka sake tashi ya sauka a Jakarta. Ƙurarmu ba ta kashe injin farat ɗaya irin haka, a hankali take rage masa kwana. Ƙarin zafin digiri 20 zuwa 30 a jikin ƙarfen ya isa ya raba rayuwar fiffike biyu. A ganina, duk tashar da za a kafa a Arewa, kamar ta megawat 50 da aka buɗe a Maiduguri a 2023, ko waɗanda ake sa rai idan bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano ya fara aiki, kuɗin filtar iska da na canja ta a kan kari bai kamata ya zama abin da ake tsumulmula a kansa ba.

TAMBAYA: Injiniya, a wurin aikinmu idan babban layin wuta na ƙasa ya faɗi injin ya mutu, manya sukan matsa a tayar da shi nan take, masu kula da shi kuma su ce a jira. Wa ke da gaskiya? Daga wani ma'aikacin tashar lantarki.

AMSA: Malam, matsin da manyanka ke ciki abin fahimta ne, tunda gari yana cikin duhu, amma masu cewa a bi ƙa'idar jira suna da hujja mai ƙarfi. Idan injin ya mutu yana tsakiyar ɗaukar kaya, wato yana ba da wuta, iska mai sanyi tana ratsa shi, bango da fikafikai su huce da sauri, faifan kuwa ya riƙe zafinsa na awoyi. Bango ya tsuke ke nan alhali faifai yana nan a kumbure. Idan aka mayar da injin cikakken gudu a wannan hali, juyi zai ƙara miƙar da fikafikan a lokacin da ratar ta fi kowane lokaci ƙanƙanta, su gogi bango, kuma abin da ya zaizaye ba ya dawowa, injin zai ci gaba da shan gas fiye da kima har ranar da za a buɗe shi. Ga kuma zafin da ke taruwa a saman injin da ke tsaye, wanda kan sa sanda da bango su ɗan lanƙwashe, dalilin da ya sa ake barin ƙaramin moto yana juya sandar a hankali bayan an kashe. A lissafin kula da manyan injunan General Electric, mutuwa ɗaya ta ba-zata a kan cikakken kaya ana ƙirga ta a matsayin tayarwa 8, kuma wannan ƙirgen ne ke matso da ranar binciken sassan wuta, wanda a bisa al'ada ake yi bayan kimanin awa 24,000 na aiki ko bayan wani adadin tayarwa, duk wanda ya riga cika. Kowane injin yana da nasa sharuɗɗan sake tayarwa da zafi a cikin littafin da ya zo da shi, su ne abin bi. Idan kuma an riga an yi irin wannan tayarwar, a duba ko girgizar injin ta sauya, a kwatanta zafin hayaƙi da na kwanakin baya a kan kaya iri ɗaya, sannan a tsayawa ta gaba a zura kyamarar leƙe ta kafar da aka tanada a dubi katangar ƙolin fikafikan jeri na farko ɗaya bayan ɗaya.